Na Zaɓi Gefen Sabara

Da sunan Allah nake farawa, Mai fitar da tsiro daga busasshiyar ƙasa, wanda Ya zuba wa kowane ganye abin da Ya ga dama, Ya sanar da mu kaɗan, Ya bar mai yawa a wurinSa.

Gonarmu ta gado tana arewa da ƙauyenmu, a ƙasar Tsiga. Da mahaifinmu ya rasu, Allah Ya jiƙansa, aka fitar wa mahaifiyarmu da 'yan'uwanmu mata nasu rabon, abin da ya rage ya zama nawa ni da yayana. Ba mu raba ba. Muka ci gaba da nomanta gandu kamar yadda muka taso muka gani: a yi aiki tare, a girbe tare, kowa ya ɗebi abin da gidansa zai ci. Yayana ɗan kasuwa ne, yana sayen hatsi yana kaiwa Funtua, Allah kuma Ya buɗa masa har ya sauke farali, kowa na ce masa Alhaji. Ni kuwa karatu na bi. Ina koyarwa a zaure, ina kwafar littattafai da ajami, in damina ta faɗi in ɗauki fartanya. Shi ke kawo taki da iri, ni ke tsayawa a kan aiki. Mun daɗe a haka ba wanda ya ji kanmu.

Gonar fuska biyu gare ta. Daga kudu da yamma ƙasa ce mai laka, baƙa-baƙa, ta gangara wajen rafi, ko tsinke ka soka sai ya yi ganye. Daga gabas maso arewa kuwa tudu ne, tsakuwa da marmara, ruwa ba ya zama. A kan wannan tudu sabara take.

Da can ba sai an kwatanta wa kowa sabara ba, amma yanzu jikokinmu na birni ba su san ta ba. Ba itaciya ba ce da za ka zauna a inuwarta. Tsiro ce mai rassa da yawa daga tushe ɗaya, da kyar take wuce tsayin mutum, ganyenta ƙanana, kore mai toka-toka kamar an barbaɗa masa gari. In ka tauna za ka ji bauri ya kama maka harshe. Saiwarta kuwa ta yi nisa a ƙasa fiye da yadda kake zato. Mahaifinmu kowace bazara sassabe yake yi mata, a sare daidai ƙasa, a bar kututturen. Kafin shuka ta kai gwiwa ta sake tofowa. Layi ɗaya kawai, can ƙarshen tudu, ba ya bari a taɓa, wannan na gida ne.

Mahaifiyarmu ita ke da wannan layi. In ciki ya ɓaci wa yaro, ta tafasa ganyen ta ba shi. In mace ta haihu, da shi ake dafa ruwan wankan jego, a kuma ɗiba mata ta sha. In ƙuraje suka feso, a daka busasshen a shafa. Fulanin da ke sauka kusa da mu da rani sukan roƙi rassan su yi wa shanu hayaƙi saboda ƙuda. Takan tsinko da hantsi bayan raɓa ta ɗauke, ta baza a tabarma cikin ɗaki. Ba ta taɓa shanya shi a rana ba, cewa take rana na shanye masa ƙarfi. Ni ban taɓa jin ta ce sabara na maganin komai da komai ba. Abin da ta san tana yi shi take faɗa, in ciwo ya fi ƙarfinta ta ce a kai Malumfashi asibiti.

Sai zamani ya juya. Tarakta ta shigo, maganin feshi ya shigo. Tarakta ba ta son kututture, saboda haka maƙwabtanmu suka bi gonakinsu suka tumɓuke sabara har saiwa. Wadda ta tsira a bakin hanya ko kan iyaka, feshi ya same ta, ganyenta ya murɗe, ya yi ja. Da mata kan shiga daji su tsinko, to dajin ma ya zama ba na shiga ba, kowa ya san abin da ke cikinsa a shekarun nan, Allah Ya kawo mana ƙarshensa. A hankali sai aka wayi gari duk kewayenmu babu sabarar da mutum zai tafasa ya ba mai jego hankalinsa kwance sai tamu, don ni ban taɓa yarda an yi feshi a tudun ba. Mata kan yi sallama a ƙofar gida, daga unguwarmu da ma wasu ƙauyuka, su ce an yi haihuwa, a taimaka da ganye. Ban taɓa hana kowa ba.

Wata bazara, bayan la'asar, Alhaji ya zo zaurena ya zauna a kan buzu, muka gaisa, ya ce magana ce ta kawo shi.

"Malam, bana tarakta za ta yi mana huɗa, gonar duka. Na yi magana da direban. Ya ce ba zai hau tudun ba sai an cire kututturan nan, kada su karya masa faifai. Zan kawo masu diga su tumɓuke."

Na ce, "Har da layin Inna?"

Ya ce, "Har da shi. Inna tana inda ba ta bukatar sabara, Allah Ya kai rahama kabarinta."

Na ce amin. Sannan na ce, "Yaya, a yi huɗar tarakta a laka. Tudu a bar mini shi da garmar shanu, kamar kullum."

"Kamar kullum ɗin ne na gaji da shi. Masara nake so in zuba da waken suya, daga rafi har ƙarshen tudu, a yi feshi sau ɗaya a huta. Kai kana nan kana lallaɓa ganye kamar jariri. Ganye za ka ci?"

"Ba ni kaɗai ke amfani da shi ba."

Ya yi dariya, ya nuna aljihun rigata. "Mene ne wannan ke ƙara a aljihunka? Ba ƙwayar hawan jini ba ce ta asibiti? Me ya sa ba ka tafasa sabara ba?"

Na ce, "Ita ma ina sha, na gode Allah da Ya sanar da likita. Wanda Ya saukar da wannan Shi Ya saukar da waccan. Don an haƙa rijiya ba a cike rafi."

Ya tashi yana karkaɗe riga. "To ka yi tunani kafin ruwan farko. Ni dai na riga na yi wa direba alkawari."

Ina da 'ya da ke karatun kimiyyar sinadarai a jami'a. Sunan mahaifiyata gare ta, saboda haka ba na kiran sunanta, Uwata nake ce mata. Da ta kai shekarar ƙarshe aka ce kowane ɗalibi ya zaɓi abin da zai bincika, sai ta zaɓi sabara. Tun lokacin girbi ta zo ta tsinki ganye cike da buhu. Na ga ta baza shi a ɗakin uwarta ta rufe taga, na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce malaminta ne ya ce a inuwa ake busarwa, don zafi da hasken rana na lalata wasu sinadaran. Na ce kakarki ma haka take yi. Ta ce, "To ai shi ke nan, Baba, ba faɗa tsakaninsu."

Allah da ikonSa, a cikin kwanakin da muke wannan ja-in-ja da Alhaji ta dawo hutu. Da safe bayan na sallami masu karatu ta zo ta durƙusa gefena da wayarta, ta ce in ga abin da ganyena ya yi.

Ta bayyana mini daki-daki. Ta daka ganyen ya zama gari, ta jiƙa shi a wani ruwa mai kama da sifirit na asibiti, ta tace, ta bar ruwan ya ƙafe, sai wani abu mai danƙo, baƙi-baƙi, ya rage a gindin kwano. Shi ta riƙa ɗiba tana gwadawa a cikin 'yan kwalabe sirara kamar yatsa. A bidiyon farko na ga ta ɗiga wani abu a kwalbar, nan take ruwan ya rine ya yi baƙi mai shuɗi.

Na ce, "Tsaya. Me kika ɗiga?"

Ta ce, "Ruwa ne mai sinadarin ƙarfe."

Na ce, "Uwata, ai wannan tawada ce." Domin haka muke haɗa tawadar takarda tun muna gaban malaminmu: a jiƙa bagaruwa, a jefa kashin maƙera ko tsohon ƙarfe, a bar shi ya kwana biyu, sai ruwan ya yi baƙi, a sa ƙaro. Ta ce ai abu ɗaya ne. Baurin da ke kama harshe a bagaruwa shi ne a sabara, su suna ce masa tanin, kuma duk inda ya gamu da ƙarfe sai ya yi baƙi. Shi ne majema ke jima da shi, yana ɗaure fata ya tsuke ta. Na daɗe ina kallon kwalbar. Shekara da shekaru ina rubuta sunan Allah da wannan baƙi, ban san yana kwance a tudun gonarmu ba.

Ta nuna mini wata kwalbar da ta girgiza ta yi kumfa kamar sabulu, kumfar ta ƙi kwantawa. Ta nuna wata da ta koma rawaya. Kowace da sunanta, sunaye masu nauyi a harshe, ɗaya kawai na riƙe, filabonoyid, shi ma sai da ta maimaita mini. Sannan ta ce ga babban gwajin.

"Baba, in ka fasa goro ka ajiye, me yake yi?"

"Ya yi ja, ya dafe."

"Iska ce ke cinsa. Ita ke sa ƙarfe tsatsa, ita ke sa man gyaɗa ya tsufa ya canza wari. A jikin mutum ma akwai irin wannan cin. Akwai wasu ƙananan abubuwa marasa natsuwa, ido ba ya ganinsu, kullum suna fizgar abin da ba nasu ba daga naman jiki. To akwai sinadaran da ke tare su, su miƙa musu abin da suke nema, sai su lafa. Ka ga wannan ruwan mai launin shunayya? Cike yake da marasa natsuwar. In aka zuba masa abin da zai kwantar da su, launin zai gushe."

Na zuba ido. Ta ɗiga ruwan sabara. A hankali shunayyar nan ta fara kodewa, ta koma ruwan ɗorawa. Ta ce ta jera shi da bitamin ɗin da ke cikin lemun tsami, wanda da shi ake auna irin wannan aiki, sabara ba ta ji kunya ba.

Na yi tasbihi. Sannan na ce ta ɗauko mayafinta, gidan Alhaji za mu. A raina na ce yau na samu shaida. Alhaji mutum ne da ke girmama boko, in takarda ta yi magana yakan saurara.

Muka same shi a ƙofar gida ana auna masa waken suya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya sa mata albarka, ya tsokane ta da cewa ga likitar gidanmu. Ta nuna masa duk abin da ta nuna mini. Ya kalla da kyau, har ya sa ta maimaita na shunayyar. Sannan ya miƙa mata wayar ya ce:

"'Yata, tambaya ɗaya. Wannan ganye yana warkar da mutum?"

Ta ce, "Baba Alhaji, ban gwada a jikin mutum ba. A kwalba na gwada."

"To in mutum ya sha fa?"

"Ban sani ba. Ciki ba kwalba ba ne. Wani abin yana shiga jini, wani yana wucewa. Sai an yi wani binciken, mai tsawo, kafin a ce ga abin da yake yi da kuma yawan da ya kamata a sha."

Alhaji ya dube ni, gemunsa na rawa don dariya. "Ka ji, Malam. Kwalba ta samu lafiya. Allah Ya ƙara mata sauƙi." Masu awo suka tuntsire. Ya sake juyawa gare ta. "Wannan abin da ke kashe shunayya, a sabara kaɗai yake?"

Ta sunkuyar da kai. "A'a. Akwai a zoɓo, akwai a zogale, akwai a ganyaye da yawa. Kowanne dai da irin haɗinsa."

"Zoɓo kuwa ga shi nan tuli a kasuwar Malumfashi."

Ta ce, "Abu ɗaya zan iya faɗa ba shakka. Ganyen da feshi ya taɓa, kada a tafasa wa mai jego ko jariri."

Na ce to, ga maganata ta fito. Amma Alhaji ba yaro ba ne. Ya ce, "Madalla. Shi ya sa nake so a tumɓuke ta gaba ɗaya. In babu ita, ba wadda za ta tsinki mai guba. Kin taimake ni, 'yata."

Muka kama hanyar komawa har muka wuce masallaci. Na ce, "Na kai ki ki tsaya mini, kin je kin ba shi sanda."

Ta ce, "Baba, in kana kwafar littafi ka tarar gara ta ci kalma, me kake yi?"

Ta san amsar. Fili nake bari. Ba na cikewa da ka, ko da ina jin na san abin da ke wurin. Ta sha ganina ina yi, ta sha jin ina yi wa ɗalibai faɗa a kai.

Ta ce, "To nima filin na bari."

Ban ce mata ta yi daidai ba, ban kuma sake cewa ta yi kuskure ba. Amma a ranar na gane ba kwalba ce za ta tsaya wa sabara ba. Ba don shunayya ta koma ruwan ɗorawa nake tsaron tudun nan ba. Tun kafin in ga wannan nake tsaronsa. Ni na ga abin da na gani a hannun mahaifiyata, na kuma san matan da ke sallama a ƙofata ba su da wani wurin zuwa. Abin da ke cikin ganyen kuwa, ga 'yata ta fara karanta shi, ta ce da saura. In aka tumɓuke, me za a karanta? Ba a ƙona littafi don ba a gama fahimtarsa ba.

Da aka yi yayyafin farko, Alhaji ya aiko a gaya mini masu diga za su zo ranar Asabar. Na tafi da kaina na same shi. Na ce, "Yaya, a raba mana gonar."

Ya daɗe yana kallona. Wanda bai tashi a gandu ba ba zai san nauyin wannan magana ba. 'Yan'uwa ciki ɗaya, duka da ransu, ba rikicin 'ya'ya ba, ba na mata ba, su kira mutane a ja musu igiya a gonar ubansu. Abin faɗa ne a gari.

Ya ce, "Saboda sabara."

Na ce, "Saboda sabara."

"Allah Ya kai mu Asabar ɗin. Maimakon masu diga sai a kira liman."

Mai ɗakina ba ta ji daɗi ba. Ta ce, "Malam, kai fa ba ka da shago a Funtua. Bakunan da ke gidan nan ka ƙirga su?" Na ce Wanda Ya tsaga bakin Ya san da shi. Ta ce, "Haka ne. Amma Shi ne kuma Ya ba ka laka, kake neman tsakuwa." Na ce ai ba a raba ba tukuna. Ta ce, "Ni na san wanda nake aure."

Ranar Asabar da hantsi muka hallara a gona, da liman, da mai unguwa, da dattawa biyu da suka san iyakokin mahaifinmu. Al'adarmu a nan, in 'yan'uwa biyu za su raba abu, babba ke rabawa, ƙarami ya zaɓa. Hikimar a fili take: mai rabo zai daidaita, tunda bai san wanne za a bar masa ba.

Alhaji ya karɓi igiya da turaku. Na zaci zai ja ta daga rafi zuwa tudu, kowa ya samu laka ya samu tsakuwa. Sai na ga ya nufi gindin tudu. Ya kafa turke daidai inda baƙar ƙasa ta ƙare, ya ja igiyar a kwance, ya ware tudun shi kaɗai da sabararsa, laka duka ta koma ɗaya gefen. Ko a faɗi ma gefen lakar ya fi.

Liman ya ce, "Alhaji, wannan rabo bai daidaita ba."

Ya ce, "Na sani, Allah gafarta malam. Shi sai ya ɗauki laka. Na yafe masa abin da ya ƙaru, duniya da lahira."

Nan na gane lissafinsa. Ya san yawan iyalina, ya san ba ni da wata sana'a mai kawo hatsi. Ya tabbata ba mai hankalin da zai bar ƙasar da ke gangarawa rafi ya ɗauki marmara. In na ɗauki laka, ya kyauta wa ƙanensa a gaban mutane, tudu ya zama nasa, ya kira masu diga washegari. Kyauta ce ta gaskiya, ban taɓa shakkar haka ba, yayana ba marowaci ba ne. Tarko ne kuma. Duka biyun a igiya ɗaya.

Mai unguwa ya ce, "To Malam, zaɓi naka ne."

Na taka na hau tudun, na tsaya a cikin sabara. Na ce, "Nan."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Malam, ko rana ce ta buge ka? Laka tana can."

Na ce, "Na gan ta, Baba. A cikinta na girma."

Liman ya matso kusa ya rage murya. Ya ce in tuna haƙƙin iyali, shari'a ba ta son mutum ya cuci kansa don fushi. Na ce ba fushi nake ba. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce abin da ya ƙaru a gefen Yaya na yafe masa, kamar yadda ya yi niyyar yafe mini.

Fuskar Alhaji ta canza. Ya ce, "Kai, bari a sake ja. A ƙara maka daga laka."

Na ce, "Ka raba, na zaɓa. Haka aka gada."

"Taurin kai zai kashe ka."

"Sai kwana ya ƙare, Yaya."

Liman ya yi addu'a, aka shafa. Aka kafa duwatsu a bin igiyar, daga baya na dasa gamba a kai. Da na koma gida na faɗa wa mai ɗakina yadda aka yi, ba zaɓin ne ya fi ɓata mata rai ba. Cewa ta yi, "An ce a ƙara maka, ka ce a'a? Sabarar ce ta ce kada ka karɓa?"

Daminar nan na shuka gero da dawa da wake a tudu, da garmar shanu, muna kewaya kututture. Abin da na girbe bai kai rabin abin da nakan ɗiba a gandu ba. Rumbu bai cika ba, kuma tun kafin wata damina muka ga gindinsa. Wata rana na ga tuwon masara a gabana, alhali ban noma masara ba. Na dubi mai ɗakina, ta dube ni. Na san daga gidan da buhun ya fito, ta hannun matar Alhaji, ba da sanina ba wai. Na yi bisimilla na ci. Zumunci ba gona ba ne da za a ja masa igiya.

Saura abu ɗaya da ban yi lissafinsa ba ranar rabo, wato iska. Iskar damina daga kudu maso yamma take busowa, daga gonar Alhaji zuwa tawa. Ranar da mai feshinsa ya zo, wani magidanci daga Bakori, da tankinsa a baya, na riga shi zuwa. Na shimfiɗa buzuna a kan iyaka na zauna da carbi. Ya fara daga rafi yana hawowa. Da ya kusato na ce ya dakata.

Ya ce, "Malam, ka matsa, maganin nan ba ya son ido."

Na ce, "Ganyen da ke bayana ma ba ya son sa. Ka bar kunyoyin nan na bakin iyaka."

"Alhaji ya ce duka."

"To sai ka fesa har da ni."

Ya sauke tankin ya kira Alhaji a waya, ya buɗe muryar wayar don in ji. Ya ce ga Malam ya zauna a kan iyaka ya ƙi tashi. Muryar Alhaji ta fito, ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa. Ya ce, "In an bar kunyoyin, ciyawar wa zai cire? Aljanu?"

Na matsa kusa da wayar na ce, "Ni zan nome su."

"Da wannan bayan naka?"

"Da shi."

Ya ja tsaki. Ya ce wa mai feshin, "Bar masa. In ka biye masa sai magariba ta same ku a nan."

Tun daga shekarar, kunyoyin Alhaji na bakin iyaka ni ke nome su da fartanya, noman fari da maimai. Masarar da ke fitowa a kansu tasa ce, ko goyo ɗaya ba na taɓawa. Mutane in sun wuce sukan ce, "Sannu Malam, ƙwadago ake yi wa Alhaji?" In ce eh, kuma ba a biyana. Bayana yakan yi ciwo, wani lokaci sai na dafa fartanya kafin in miƙe. In na huta sai in kama kunya ta gaba.